Sandar mita ta tafi hagu: nazarin abin da ya same mu a wani ɗaurin aure a Gwammaja

A cikin abin da bai wuce minti bakwai ba, wata Asabar ta watan Sha'aban, muka yi asarar hotunan da suka fi kowanne daraja a wani ɗaurin aure a Gwammaja. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Batir cike yake, memori bai cinye komai ba, yaron da ke riƙe da ita kuma ba sabon hannu ba ne, shekararsa biyu yana bin mu aiki. Abin da ya kayar da mu wani ɗan siririn layi ne da ke ƙasan tagar leƙawa, mai alamar ƙari a gefe ɗaya da alamar ragi a ɗaya gefen. Shi muke kira mitar haske. Kowane mai hoto yana kallonsa ba adadi a yini, amma da wuya ka ga wanda ya tsaya ya tambayi kansa ta yaya yake karanta shi. Na rubuta lamarin ne yadda ya gudana, tare da abin da muka gano da muka zauna a kansa, domin na san shaguna da yawa a garin nan suna haɗa kyamarorin kamfanoni daban-daban a jaka ɗaya kamar yadda muke yi.

Shagon da kayan aikinsa

Shagonmu yana wani layi da ya ɓalle daga Titin Gidan Zoo. Mu huɗu ne: ni, da wani dattijo da muke ce wa Baba, wanda ya fara sana'ar tun ana sayen fim mai hoto 36 a kai wanki, da ƙanwata da ke shiga cikin mata ranar kamu da yinin biki, sai yaron. Kayanmu duk na hannu ne, abin da ya samu da sauƙin kuɗi shi muke saya, ba ma duba sunan kamfani.

Yaron ya koyi aiki ne a kan Canon 600D, wadda ta fito a 2011, kuma ita kaɗai ya taɓa riƙewa a bakin aiki. Taya ɗaya gare ta, a sama, dab da maɓallin ɗauka, inda manuniya take sauka. In ta kasance a kan M, wato kai ne za ka saita komai da hannunka, wannan taya ita ke canza saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara take buɗewa haske ya shiga. In kana son taɓa ƙofar haske, wadda muke kira afaca, sai ka danne maɓallin Av da babban yatsa sannan ka juya tayar. Ɗaya kyamarar Nikon D7000 ce, fitowar 2010, na saye ta 'yan watanni kafin wannan rana. Ita tayoyi biyu gare ta. Ta baya, inda babban yatsa yake, ita ce ta shata. Ta gaba, inda manuniya take, ita ce ta afaca.

Duk wanda ke wannan sana'a a Kano ya san yadda Sha'aban yake. Kowa na son a kai amarya kafin azumi, don haka a rana ɗaya sai ka samu aiki biyu ko uku sun haɗu a sa'a guda. Ranar muna da biyu, duka ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ɗaya a Hotoro ɗaya a Gwammaja. Mutanen Hotoro sun kafe sai ni da kaina. Na ga mutanen Gwammaja tsofaffin abokan cinikinmu ne, bai kamata a ce sun samu ƙarancin kulawa ba, sai na yanke shawarar in ɗauki ƙaramar kyamarar in ba yaron babbar. Niyyata in kyautata musu ce.

A ƙofar shago na saita masa ita: ISO, wato ƙarfin da kyamara ke karɓar haske da shi, a 100, afaca f/8, shata 1/500 na daƙiƙa. Wannan ba zato ba ne. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce in rana ta fito tar, ka sa afaca a f/16, shata kuma ta yi kusa da lambar ISO, wato 1/125 ke nan a ISO 100. In ka buɗe afaca mataki biyu (kowane mataki ninka haske yake yi sau biyu), daga f/16 zuwa f/11 zuwa f/8, sai ka ƙara saurin shata mataki biyu, daga 1/125 zuwa 1/250 zuwa 1/500. Hasken da ke shiga bai canza ba. Yaron ya juya kyamarar a hannunsa ya ce, "Oga, akwai abin da zan kula da shi?" Na ce masa, "Kyamara duk ɗaya ce. Shata a baya, afaca a gaba. Na saita maka ta rana, in ka shiga inuwa ka ɗaga ISO." Iyakar abin da na gaya masa ke nan, muka rabu.

Abin da ya faru a ƙofar masallaci

Iyalan ba sa son ɗaukar hoto a cikin masallaci, saboda haka aikin ya fara ne bayan an shafa fatiha an fito. A shekarar Sha'aban ya faɗo cikin bazara. Kano tana kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma wajen ƙarshen Afrilu rana kan bi ta tsakiyar ka sosai da hantsi ya gota. Irin wannan haske daga sama yake saukowa kamar an zuba shi. Kafaɗu da ƙirjin riga suna ɗaukarsa gaba ɗaya, idanu kuma su faɗa cikin inuwar goshi da hula. Ga ango da abokansa sun sha farar shadda wadda ta sha bugu tana ƙyalli, ga manya cikin manyan riguna farare, ga farin bangon masallaci a bayansu.

Hotunan farko sun fito daidai. Da ya tsaya zai jera ango da waliyyai da kakan ango, wanda aka ɗauko daga ƙauye musamman don wannan rana, sai ya ce bari ya tabbatar. Ya leƙa. Fuskokin suka yi masa duhu a ido, ya duba ƙasa, ya ga sandar mita ta karkata hagu. A kyamarar da ya saba, hagu duhu ne. Shaidu biyu sun haɗu masa a kan abu ɗaya, sai ya shiga gyara.

Kowane hoto na dijital yana ɗauke da bayanin yadda aka ɗauke shi, da sa'a da minti da daƙiƙa. Da daddare na buɗe su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, na ga sawun yatsunsa kamar na wanda ya bi ta kan rairayi. Manuniyarsa ce ta fara motsi, domin ita ta saba, ta juya tayar gaba. Afaca ta tashi daga f/8 ta koma f/7.1, f/6.3, f/5.6. Ƙas uku ke nan, kowane ƙas kashi ɗaya cikin uku na mataki, jimilla mataki guda, wato haske ya ninka biyu. A nan ya lura lambar shata ba ta motsa ba, ya tuna maganata, ya koma tayar baya ya juya ta hagu: 1/400, 1/320, 1/250. Ya ɗauki wasu hotuna. Ya sake leƙawa, sanda tana nan a hagu. Ya ƙara: 1/200, 1/160, 1/125. Mataki uku gaba ɗaya daga inda na saita. Mataki ɗaya ninki biyu, biyu ninki huɗu, uku ninki takwas. Hasken da ya kamata ya shiga, sau takwas nasa ne ya shiga.

Rigunan sun zama farin takarda, babu aiki, babu zare, babu ninki. Bango da riga sun haɗe, kawunan mutane kamar suna yawo a sarari. Fuskokin ma sun koɗe. A JPEG aka ɗauka, wato hoton da kyamara ta riga ta sarrafa ta matse, inda kowane launi yake tsakanin 0 da 255, kuma duk wurin da ya buga 255 ba abin da ya rage a ƙarƙashinsa da za ka jawo. Na gwada har tsakar dare, na rage haske na ƙara, abin da nake samu toka-toka ce kawai a inda shadda take.

Abu biyu suka hana shi ganewa a kan lokaci. A Canon ɗinsa hoto kan fito a allon baya na daƙiƙa biyu bayan kowace ɗauka, ko da wutsiyar ido zai gani. A wannan kyamara an kashe wannan saiti, allon baƙi ƙirin yake zama sai ka danna da kanka, ni kuma ban kunna ba don ban saba duba allo ba. Na biyun ya fi ba ni tunani. Sandar tun da farko ba ta yi nisa da ƙarshen layin ba, da ya ƙara haske kaɗan sai ta kai bango ta tsaya. Daga nan duk abin da ya juya ba ta motsi. Da tana da sauran wurin tafiya, da ya ga tana ƙara nisa ya gane hanyar da ya bi ba ita ba ce. Mitar da ta kai ƙarshe ba ta gaya maka ko kana matsowa ko kana ƙara ɓata. Sai da manya suka shiga mota, ya koma inuwar rumfa don ya duba, sannan ya ga abin da ya faru.

Zuwa wurin Alhaji

Ban jira safiya ta yi nisa ba. Na ɗauki yaron muka tafi gidan mahaifin ango. Na ga bai dace in aika saƙon waya a kan irin wannan ba, kuma ban yarda yaron ya ɗauki nauyin shi kaɗai ba, domin ni na ɗora masa kayan da ban koya masa ba. Muka durƙusa muka gaisa, na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, mun zo da laifi. Hotunan da aka yi da Baba tsoho a ƙofar masallaci sun lalace a hannunmu." Ya yi shiru na ɗan lokaci. Abin da ya fara tambaya shi ne ko akwai wanda ya tsira a cikin waɗanda mahaifinsa yake ciki. Na ce babu ko ɗaya. Allah ya taimake mu tsohon bai koma ƙauye ba tukuna, sai bayan azahar. Aka sa ango ya sake saka kayansa, aka fito da kakan zaure, muka ɗauke su a inuwar ƙofar gida. Waliyyin amarya kuwa ya riga ya kama hanyar Zariya tun daren jiya, shi ba a samu ba. Hoton da ya haɗa su duka, wanda yake cikin albam ɗin a yau, daga wayar wani abokin ango muka karɓa. Na mayar da wani ɓangare na kuɗin aikin. Alhaji ya karɓa ne bayan na nace, ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, kar ka sa a ranka, ka dai ƙara kula." Har muka kai Ƙofar Mazugal a hanyar dawowa yaron bai ce uffan ba.

Wane gefe ne duhu

Da abin ya lafa, na ɗora kyamarorin biyu a kan tebur na leƙa su ɗaya bayan ɗaya. A Canon ragi yana hagu, ƙari yana dama, wata 'yar alama guda tana yawo a ƙarƙashin lambobin. A D7000, kamar sauran kyamarorin Nikon na zamaninta irin su D90, ƙari ne a hagu, ragi a dama, kuma ba alama guda ba ce, sanda ce da ke tsirowa daga sifili tana tsawo. Tayoyin shata kuwa hanyarsu ɗaya a duka biyun: dama ƙarin sauri, wato ragin haske, hagu ragin sauri, wato ƙarin haske.

A nan ne tarkon yake, kuma sai da na sa yaron ya maimaita a gabana sau da yawa kafin na gane shi sosai. Shi ba ya karanta ƙari da ragi ko kaɗan. Shekara biyu ya yi da Canon, hannunsa ya koyi wata gajeriyar hanya wadda bakinsa ma bai san ta ba: duk gefen da alama take, can za ka juya taya. Alama a hagu, hoto ya yi duhu, ka juya hagu, shata ta rage sauri, alama ta dawo tsakiya. A Canon wannan ba ya kuskure. A tsohon tsarin Nikon kuwa sanda a hagu tana nufin haske ya yi yawa, in ka juya hagu ka ƙara masa wani hasken, sanda ta ƙara tafiya hagu, kai kuma ka ƙara juyawa. Kuskuren kansa yake ciyarwa.

Ba na ganin ɗaya daga cikin tsarin biyu a matsayin shirme. Tsohon tsarin Nikon yana da hujja mai ƙarfi: inda babban yatsanka ya nufa, can sandar take nufa. Ka tura dama ta tafi dama, kamar kana jan ta da igiya. Na Canon kuma ya bi layin lissafi, ƙarami a hagu babba a dama, amma a kan M alamar tana tafiya ne kishiyar yatsanka. Kowanne ya zaɓi abu ɗaya ya daidaita, ya bar ɗaya.

Na yi ɗan gwaji a cikin shago. Na sa kyamarar a kan saitin da ya yi haske da yawa, na miƙa wa Baba ba tare da na ce komai ba, na ce ya daidaita. Ya leƙa, ya ce, "Ƙari take nunawa," ya rage, shi ke nan. Na tambaye shi yadda aka yi bai ruɗe ba. Ya ce shi idonsa alamar yake nema, ba gefe ba. Ya fara aiki ne da Pentax K1000, wadda aka fara yi a 1976, ita kuma allura gare ta a gefen taga, tana hawa tana sauka, ƙari a sama, ragi a ƙasa. Daga baya ya riƙe Yashica FX-3, mai 'yan fitilu uku kacal, ja na ƙari, kore na daidai, ja na ragi. Wanda ya taso a kan waɗannan ba shi da hagu ko dama da zai dogara da su, dole ya karanta alamar. Ni kuma ina ganin hawa da saukar allurar nan ya fi komai kusa da yadda mutum yake ji a jikinsa. Ruwa a randa sama yake yi in ya ƙaru, hatsi a mudu haka. Babu wanda sai an koya masa cewa sama yawa ne.

Hagu da dama ba haka suke ba. Da yaron yake kare kansa ya ce, "Oga, ai kowa ya san hagu ragi ne." Na tambaye shi a ina ya sani. A aji ne, a layin lambobi da malamin lissafi ya zana a allo. Amma da shi da ni da Baba duk da allon makarantar allo muka fara karatu, inda ake farawa daga dama a nufi hagu, gaba tana hagu ke nan. Abin da muke ɗauka kamar da shi aka haife mu, koyo muka yi, mun dai manta ranar da muka koya. Shi ya sa in wani ya ce mini kyamara kaza ta fi sauƙin ganewa, nakan tambaye shi wace ce ya fara riƙewa. Kusan kullum amsar ita ce wadda yake yabo.

Ƙanwata kuwa da na miƙa mata, ta leƙa ta ce, "Yaya, ni ban ga komai ba, hoton ai lafiya yake." Ita Sony take riƙewa, marar madubi, inda tagar leƙawa ƙaramin allo ne da ke nuna hoton yadda zai fito. In ta ƙara haske taga ta yi haske, in ta rage ta yi duhu. Ba ta taɓa buƙatar kallon mita ba. Tagar D7000 kuwa gilashi da madubi ne, abin da ido zai gani shi take nunawa, ko saitinka ya ƙone hoton ko ya binne shi a duhu. Da ita na tura Gwammaja da wannan kyamara, da wata irin asarar za mu yi ta wata hanyar.

Sifili ba shi ne daidai ba

Akwai wani abu a ƙarƙashin wannan duka da ya fi damuna, domin ko da kyamarorin duniya sun haɗu a kan gefe ɗaya, shi yana nan. A ce yaron ya karanta sandar daidai, ya gane ƙari take nunawa, me zai yi? Zai rage haske har ta dawo sifili. Da ya yi haka, da shaddar ta fito ruwan toka, fuskokin da ke ƙarƙashin hula kuma su yi baƙi har ba a gane ango.

Mitar da ke cikin kyamara ba ta san abin da take kallo ba. Hasken da ya dawo daga jikin abu take aunawa, kuma an gina ta ne a kan zaton cewa in ka gauraya duk abin da ke cikin hoto zai ba da toka-toka matsakaiciya, irin wadda ke mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta. A titi ko kasuwa zaton yakan yi kusa da gaskiya. A ɗaurin auren Kano, inda fararen kaya suka cika hoto daga gefe zuwa gefe, ba ya yi. Saitin da na yi da safe daidai yake, kuma sandar da ta nuna ƙarin kusan mataki guda ita ma gaskiya ta faɗa, cewa abin da ke gabanta ya fi toka haske. Wurin zamanta ke nan a wannan hoto. Ba ta buƙatar gyara.

Laifin da nake ganin duk waɗannan mitoci suna da shi, ba tare da ware wani kamfani ba, shi ne siffarsu tana kiran mutum zuwa tsakiya. Ka ga sifili a tsakiyar layi da babban gurbi, ranka ba zai kwanta ba sai ka kai alamar can, kamar mai awo da ke jiran sikeli ya tsaya. Haka muke koya wa yara ma, "ka kawo ta tsakiya," saboda ya fi saurin faɗa. Mu da muke ɗaukar baƙar fata cikin farin tufafi a ƙarƙashin wannan rana, wannan koyarwa tana cutar da mu kusan kowane mako. Baba ya daɗe yana faɗa mana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, yana nufin mita shawara take bayarwa, mai hoto ke yanke hukunci. Dabararsa tun zamanin fim ita ce ya miƙa tafin hannunsa cikin hasken da ke sauka a kan mutanen, ya cika taga da shi, ya saita har mita ta nuna ƙarin mataki ɗaya, sannan ya daina kallonta muddin hasken bai canza ba. Tafin hannu ya fi matsakaiciyar toka haske da kusan mataki guda, kuma kullum yana tare da kai.

Inuwar da ke ƙarƙashin hula kuwa, wadda ta fara ruɗa yaron, ba buɗe haske ne maganinta ba. Ko dai ka ja mutanen zuwa inuwar bango, ko ka kunna filashi ya cike fuskokin. In filashi za ka yi, shata ba za ta wuce 1/250 a D7000 ba, 1/200 a 600D, don haka sai ka matse afaca zuwa wajen f/11.

Abin da muka canza

A cikin saitunan D7000 akwai wani wuri mai suna Reverse indicators, wanda ke juya mitar ta koma ragi a hagu, ƙari a dama. Minti ɗaya ya ishe ka. Na juya ta. Kamfanin ma daga baya ya koma wannan tsari, D7100 da ta fito a 2013 da ragi a hagu take zuwa, amma ya bar wa mai so damar mayarwa. Ma'anar wannan ga mai sayen ta hannu ita ce sunan kamfani ba ya gaya maka gefen da ragi yake, domin ba ka san abin da mai ita na farko ya taɓa ba. Na kunna fitowar hoto bayan ɗauka, na kunna alamar da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa a allo, wadda ake iya gani ko cikin rana. Kyamarar tana da gurbin memori biyu, yanzu ɗaya RAW yake ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ɗaya JPEG. RAW ba zai ceci mataki uku a kan farar shadda ba, amma hotunan da aka yi a farkon juyin, da muna da shi, da mun jawo su.

Baba bai yarda da juyin mitar ba, har yanzu ma bai yarda ba. Ya ce mun gyara kyamara don ta bi kuskuren yaro, maimakon mu gyara karatun yaron, kuma ranar da ya ari kyamarar wani abin zai dawo. Ya ce kuma mun raba yatsa da sanda, alhali tafiyarsu tare ita ce alherin tsohon tsarin. Na ce masa, "Baba, gaskiyarka, amma a ƙofar masallaci, manya suna tsaye cikin rana suna jira, hannu ne yake aiki ba karatu ba. Gara duk abin da ke jakarmu ya yi magana da harshe ɗaya." Muka tsaya a kan cewa D90 ɗinsa tana nan yadda take, ba mai taɓa ta sai shi, an manna mata jan salatif a kan marfin batir don kada wani ya ɗauka cikin gaggawa.

Maganar aro da ya kawo kuwa ta zauna mini, domin a lokacin cunkoso muna karɓar hayar kyamara, ba ma sanin wadda za ta zo. Shi ne ya kawo mafita mafi sauƙi. Kafin ka bar wurin da aka miƙa maka kyamara, ka sa ta a M, ka rufe gilashin gaba da tafin hannunka, ka taɓa maɓallin ɗauka rabi, ka leƙa. Duk gefen da sanda ta gudu, nan ne duhu a wannan kyamara. Sannan ka buɗe hannu, ka juya kowace taya ƙas uku, ka ga lambar da ta canza da inda sanda ta nufa.

Bayan sallah muka samu aiki uku a rana ɗaya, na aiki yaron Fagge ya karɓo mana haya. Na bi shi a baya da babur don in biya kuɗin. Na same shi a bakin shagon, ya rufe gilashi da hannun hagu, ido a taga, mai shagon yana tambayarsa ko wani abu ya gani a jikinta. Ya ɗago ya ce mini, "Oga, wannan duhunta a dama yake." Na ce to ya zai yi, ya juya ta ko ya bar ta? Ya ce ta mutane ce, zai bar ta yadda take, ya ciro biro ya rubuta ƙari da ragi a bayan hannunsa, ƙari a hagu.